Gwangwanin Wasiƙu

Jiya ina neman allura a ƙasan adaka
sai hannuna ya ci karo da gwangwanin madara.
Murfin ya yi tsatsa, sai da na sa wuƙa.
Wasiƙunka ne, Bilyaminu. Goma sha tara.
Da ashirin ne, gara ta yi kalaci da ɗaya.

Ka san ban taɓa zama a aji ba.
Bokon nan naku, a idona,
sawun kaji ne a kan rairayi.
Amma kai, kana ɗan shekara tara a Gombe,
ka gano ta inda za a shigo mini.

Harafin farko na kowace wasiƙa
sai ka kumbura shi ya cinye rabin shafi,
ka yi masa soro, ka huda masa taga,
a tagar ka zaunar da tsohuwa mai haƙori ɗaya.
Wai ni ce. Ja'iri.
A lokacin guda shida gare ni.

Manu direba ke kawo su ranar kasuwar Nafada,
suna warin fetur da bandar kifi.
Nakan kira 'yar maƙwabta ta karanta,
kafin ta gama haɗa baƙi na riga ta sani:
zakara a gefen shafi, ka ci jarrabawa;
kifi mai fukafukai, kana kewar Gongola.
Ranar da ka zana akuya ta juya baya
na aika wa ubanka ya sassauta hannu.

Laifin Malam ne, Allah ya ji ƙansa.
Shi ya kwance maka gafakarsa wani hutu,
takardu masu launin ƙasa
da ya gada daga wanda ya gada,
da'ira cikin da'ira, ja da ɗorawa,
ƙulli ya shiga ƙulli, ba a ganin bakin zaren.
Tuwonka ya huce a akushi ranar.
Daga baya wani malaminku ya ƙara wa wutar kara,
ya ara maka littafi mai hotunan aikin mutanen da,
na ƙasashen da mota ba ta zuwa,
masu rubutu a fatar maraƙi da ruwan zinariya,
shekara ɗari bakwai, in ji ka,
kana ware mini yatsu kamar ina musu.

Kai ba ka da zinariya.
Gangamau ka daka.
Ka jiƙa zoɓo, ka saci shunin wankin uwarka,
ka kankare gindin tukunya ka dama da ƙaro,
takardar alewa mai ƙyalli ka liƙa ta zama wata.
Ga shi nan har yau, watan,
ya ɗan ɓanɓare ta gefe guda.

An ce yanzu kana da shago wajen Tashar Dukku,
na'ura ke dama maka launi.
Katin biki, allon shaguna, tambarin masu ruwan leda.
An ce ko a can ba ka bar ƙullin Malam ba,
kana ɓoye shi a kusurwa, mai aikin bai sani ba.
Madalla.
Kana kira a waya kowace Juma'a, ban ce ba ka yi ba.
Sai dai murya takan zo ta wuce,
ba ta barin abin da zan sa a gwangwani.

Ta ƙarshen ce ke hannuna yanzu.
Tsuntsu ne a kan harafi,
fiffike ɗaya ja, ɗayan fari fat,
yarinyar ta ce ka rubuta a ƙasa:
zoɓo ya ƙare, zan ƙarasa.

To, angona, zoɓo ya yi kyau bana.
Na shanya maka kwano guda a kan rumfa.
Allurar ma ban same ta ba.
Haƙorin kuwa, zanenka ya cika,
saura ɗaya.